Shekara Shida Ina Jinya, An Ce In Koma Aji Ɗaya

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Damagaram ce, aure ya kawo ni Bronx a birnin New York. Shekara shida ina aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Da takardar PCA na fara, wato ta mai taimaka wa mutum da hidimar yau da kullum a gida, daga baya na ƙara karatu na karɓi ta HHA, ta mai kula da majinyaci a gida. Wata goma sha tara ke nan rabona da aiki, saboda na koma gida jinyar mahaifiyata har Allah Ya karɓi abarSa. Yanzu na dawo, ina so in zama CNA, wato mai taimakon nas mai rajista, in samu aiki a wuri ɗaya, domin yawon gida-gida ya ishe ni. Yau a ba ka awa huɗu, gobe a ce an kwantar da majinyacin a asibiti, ka zauna mako biyu ba ko sisi. Na je wata makaranta da takarduna, suka ce ba za su rage mini ko awa ɗaya ba, sai dai in fara daga farko in biya dala 1,500. Wallahi da hawaye na fito. Ni da na yi wa tsofaffi wanka, na juya su, na kwashe kashinsu shekara da shekaru, za a zaunar da ni da sa'o'in ƙannena a koya mini wanke hannu? Wani mutum a unguwarmu ya ce in ba shi dala 600 zai kawo mini takardar ba sai na shiga aji ba. Ƙawata ta ce a wata jiha ana lissafa wa mutum karatunsa na baya. Maigidana kuma ya ce in haƙura da abin da ke hannuna. Ki ba ni shawara don Allah.

Ƙanwarki a Bronx

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ya muka ji da haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ke kuma Ya saka miki da mafificin alheri. Ba kowace 'ya ke ajiye albashin dala ta hau jirgi ta je ta zauna a gefen tabarmar mahaifiyarta ba.

Kafin in taɓo maganar makaranta, akwai wani layi a wasiƙarki da kika wuce shi da gudu, ni kuma a kansa na tsaya: wata goma sha tara. A dokar tarayyar Amurka, mai takardar HHA da ya yi wata 24 a jere bai yi aikin an biya shi ba, takardarsa ta tashi aiki, sai ya sake bi ta horo ko gwaji kafin a ƙara ɗaukarsa. Jinyar da kika yi wa Inna tana da lada a wurin Allah, amma babu ejansin tura ma'aikata gidaje da ta rubuta ta a littafinta. Saura miki wata biyar ke nan. Kina kukan awoyin da aka ƙi lissafa miki a sabuwar takarda, alhali tsohuwar da ke hannunki ce ke shirin suɓucewa. Don haka abu na farko, tun kafin ki gama karanta amsar nan idan da hali, ki kira ejansin da kika yi wa aiki a da, ki ce kin dawo, a saka ki a layi ko da na Asabar da Lahadi ne. Ki kuma duba sunanki a rajistar ma'aikatan kula da gida ta jihar New York, wadda ke kan intanet, ki tabbatar ranar da aka rubuta a matsayin ƙarshen aikinki ita ce ta gaskiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, yanzu maganar da ta sa ki hawaye.

Wadda ta karɓe ki a makarantar nan ba raina ki ta yi ba, ko da fuskarta ba ta nuna tausayi ba. Ba ta da ikon yafe miki awa ɗaya. Tushen abin tun 1987 yake, lokacin da majalisar dokokin Amurka ta yi dokar gyaran gidajen kula da tsofaffi, bayan wani rahoto na 1986 ya tona irin sakaci da wulaƙancin da ake yi wa tsofaffi a waɗannan gidaje. Daga nan aka kafa cewa duk mai taimakon nas a gidan da ke karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato inshorar lafiya ta gwamnati, sai ya yi horon aƙalla awa 75, daga ciki awa 16 na aiki da hannu a gaban malami, ya ci jarrabawa, a sa sunansa a rajistar jiha. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Kowace jiha kuma tana ɗora nata a kai. New York ta ce awa 100, daga ciki awa 30 a cikin gidan kula da tsofaffi na gaske, da tsofaffi na gaske. Kalifoniya ta kai nata awa 160. Makaranta tana koyar da manhajar da jiha ta sa wa hannu ne, idan ta datse miki wani yanki da kanta, lasisinta ta sa a wuta.

Abin da ke ƙara ƙona rai shi ne, HHA ɗin ma awa 75 ce, kuma rabin abin da ke cikinta shi ne dai za ki sake ji: wanka, ciyarwa, juya majinyaci, kare kai daga ɗaukar cuta. Ga shi kuma ruwan gefe ɗaya yake gangarawa. Dokar tarayya ta yarda mai CNA da sunansa ke rajista ba tabo ya cancanci aikin HHA. A Kalifoniya mai CNA awa 40 kawai zai ƙara ya karɓi takardar aikin gida, a New York ma akwai gajeriyar hanya ta juyawa daga CNA zuwa HHA. Amma daga naki ɓangaren zuwa nasu, babu dokar tarayya da ta tilasta wa kowa ya lissafa miki. A ganina akwai rashin adalci a nan, kuma waɗanda abin ke faɗawa kansu galibi mata ne baƙi irinki da irina. Sai dai hujjarsu ma ba ta banza ba ce. A gida kina da mutum ɗaya, kin san abin da yake so a shayinsa, kin san tarinsa na safe da na dare. A gidan kula da tsofaffi za a miƙa miki takarda da sunayen mutane da yawa, wani ba ya iya haɗiya, wani ya manta sunan 'ya'yansa yana neman ƙofar fita, wani yana ɗauke da cutar da idan kika yi sake za ki kai ta ɗaki na gaba a tafin hannunki. Awa 30 ɗin nan domin wannan aka sa su.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Jihar Washington, wadda ke can gabar yamma, ba babban birnin ƙasa ba, tana da gajeren kwas da ke ɗaukar mai takardar kula da gida ya kai shi ga jarrabawar mai taimakon nas ba tare da ya maimaita komai daga farko ba. Amma an gina shi ne domin masu takardar jihar Washington ɗin, waɗanda suka yi nasu horon na awa 75 suka ci tasu jarrabawar. Ba za ki kwashi maigida da yara ku ƙetare Amurka kaf don gudun makonni kaɗan a aji ba. Idan kuma kika ci karo da wata makaranta a New York da ke tallar kwas na musamman ga masu HHA, ki yi mata tambaya biyu a rubuce: hukumar jiha ta amince da wannan kwas ɗin, kuma wanda ya gama yana da damar zama jarrabawar CNA ta jiha? A New York, ma'aikatar lafiya ce ke amincewa da horon da gidajen kula da tsofaffi ke bayarwa, ma'aikatar ilimi kuma ke kula da na makarantu. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan tambayoyi, ki ɗauki jakarki.

Ni a ganina ba a kan awoyi ya kamata ki yi faɗa ba. Awa 100, idan kullum ake shiga aji, wata guda ne da 'yan kwanaki. A kan dala 1,500 ɗin nan ya kamata ki ja daga, domin akwai hanyar da ba za ki biya ta ba, kuma abin mamaki 'yan'uwanmu da yawa ba su san da ita ba.

Dokar da ta ɗora miki karatun ita ce kuma ta ce, idan gidan kula da tsofaffi ya ɗauke ki aiki, ko ya yi miki tayin aiki, kafin ranar da kika fara horon, haramun ne a caje ki ko kwabo: ba kuɗin makaranta, ba kuɗin littafi, ba kuɗin jarrabawa. Gidan yana da damar ya riƙe ki a bakin aiki har wata huɗu kina koyo kafin ki kammala. Gidaje da dama suna da nasu ajin a cikin gini, saboda kullum cikin neman ma'aikata suke. A nan ne shekarunki shida za su yi magana. Mai ɗaukar ma'aikata da ya ga mace ta shekara shida tana wannan aiki ba ta gudu ba, ya san ba za ta ga fo ɗin bahaya ranar farko ta ajiye rigar aiki ta tafi ba, kuma wannan shi ne babban ciwon kansu da sababbin shiga. Ki karɓi wasiƙar shaida daga ejansinki, ki samu nas ɗin da ta riƙa zuwa duba aikinki ta rubuta miki 'yan layuka, ki bi gidajen da ke Bronx ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi ofishin ɗaukar ma'aikata ko suna horar da nasu. Da ƙafarki za ki je, kada ki tsaya ga cike fom a waya.

Idan hakan bai samu ba har kika biya daga aljihunki, kuɗin bai mutu ba tukuna. Wanda ya biya da kansa, sannan irin wannan gida ya ɗauke shi aiki cikin wata 12 da gama horo, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa kashi-kashi gwargwadon zamansa a aikin. Babu wanda zai bi ki da wannan labari, ke za ki nema. Saboda haka duk rasit ɗin da aka ba ki, har na littafi, ki ɗauke shi hoto ki kuma adana ainihinsa. Ki lura, wannan haƙƙi na gidajen kula da tsofaffi ne, asibiti ba ya ciki. Sannan idan ejansin da kika yi wa aiki tana ƙarƙashin ƙungiyar ƙwadago ta 1199SEIU, suna da asusun horar da mambobinsu, ki je ki ji ko har yanzu kina cikin waɗanda suka cancanta. Akwai kuma cibiyoyin EOC na jami'ar jiha da ke koyar da sana'a kyauta ga masu ƙaramin ƙarfi, da ofisoshin Workforce1 na birnin da ke taimaka wa masu neman aiki. Layi ne, ana jira, amma jiran wata biyu kina aikin HHA ɗinki ya fi ki ci bashin adashi.

Mutumin unguwarku mai dala 600 kuwa, ki gaishe shi daga nesa. Ba ma sai mun shiga maganar halal da haram ba, ko da yake kin san ta. Abin da zai sayar miki ba shi da amfani ko a kasuwance, domin CNA ba takarda ba ce da ake ratayewa a bango, suna ne a rajistar jiha, kuma wajibi ne mai ɗaukar aiki ya buɗe rajistar ya duba kafin ya bari ki taɓa kowa. Minti biyu zai ɗauke shi ya ga babu ke. Kin tuna abin da ya faru a watan Janairun 2023, da hukumomin tarayya suka bankaɗo wasu makarantu a jihar Florida da suka sayar da takardun nas na bogi sama da 7,600? Mutanen da suka saya, wasunsu har sun ci jarrabawar lasisi suna aiki, aka bi su jiha-jiha. Ke kuma baƙuwa ce, laifin zamba yana iya taɓa takardun zamanki a ƙasar, ya kuma ɓata HHA ɗin da kika samu da guminki. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Sai maganar wanke hannu, wadda na san ita ce ta fi yi miki ciwo, ba kuɗin ba. Bari in ba ki labari. Ni ma ta wannan ƙofa na shigo, kuma a ajinmu akwai wata baiwar Allah da ta girme mu duka, ta fi shekara goma tana aikin gida. Idan tana juya mutum-mutumin da muke koyo da shi, sai ka tsaya kallo: hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙugu, ta saka matashi a tsakanin gwiwoyi ba tare da ta duba ba. Ranar gwajin gwaji, malama ta ce ta wanke hannu. Ta wanke tas, ta ɗauraye, sannan ta kai hannun nan mai tsabta ta murɗe kan famfo. Malama ta ce ta tsaya, ta faɗi. Ta juyo tana mamaki. Ai kan famfon nan shi kika taɓa da hannu mai datti da farko, don haka da takardar goge hannu ake kashe shi. Ta sake, aka zo ɗaga majinyaci daga gado zuwa keke, ta ɗauke shi cak kamar jariri, ba ta taka birkin keken ba, ba ta ɗaura masa ɗamarar ƙugu ba, domin a gidan da take aiki keken jingine yake da bango shekara da shekaru. Yarinyar da ke gefenta, 'yar shekara goma sha tara da ba ta taɓa yi wa kowa wanka ba, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya kamar mai hadda, ta wuce.

Ranar jarrabawa, mai dubawa yana tsaye da takarda yana sa alama ne. Ba ya auna tausayinki, ba ya auna shekarunki. Kin ƙwanƙwasa ƙofa? Kin faɗi sunanki, kin kira nasa, kin gaya masa abin da za ki yi? Kin ja labule? Kin cuɗa sabulu na aƙalla daƙiƙa 20, yatsu suna kallon ƙasa? Kin ƙirga bugun jini na cikakken minti ɗaya, ko kin ƙirga rabi kin ninka yadda kika saba? Da kika gama, kin sauke gadon ƙasa, kin ajiye masa maɓallin kira inda hannunsa zai kai? Gwanaye sun fi faɗuwa a irin waɗannan ƙananan wurare, saboda hannunsu ya riga tunaninsu. Ajin da kike ganin raini ne, shi zai kankare miki gajerun hanyoyin da shekara shida suka koya miki. Ki shiga ki zauna a gaba. Kafin mako ya zagayo za ki ga yaran nan suna zagaye ki lokacin hutu suna tambayar yadda ake canza zanin gado da mutum a kai.

Tunda karatunki na gida da Faransanci ne, ga abin da zai kwantar miki da hankali: ɓangaren tambayoyi, doka ta ba ki zaɓi ki yi a rubuce ko a karanta miki ki saurara. Ki faɗi zaɓinki tun lokacin cike fom. Ana kuma ba mutum dama har sau uku. Wani ƙaramin abu da ke mayar da mutanenmu gida ranar jarrabawa shi ne suna. A fasfo an rubuta sunan mahaifi a gaba, a katin shaida an juya, a fom kuma mutum ya rubuta yadda ake kiransa a gida. Ki kwafi sunanki harafi da harafi daga katin da za ki nuna a ƙofa.

Game da maigida, kada ki kai masa maganar da hawaye, ki kai masa da biro da takarda. Ina jin abin da yake gani shi ne dala 1,500 za ta fita, ga wata guda babu shiga, ga ku kun fito daga hidimar tafiya da rasuwa. Yana da gaskiyarsa. Kuma ki faɗa masa gaskiya, a birnin New York ratar kuɗin awa tsakanin ayyukan biyu ba lallai ta yi faɗin da ake zato ba, tunda mafi ƙarancin albashin mai kula da gida ya kai dala 19.10 a awa a 2025. Ribar CNA tana cikin tabbacin awoyi: jadawali a hannu, wuri ɗaya, albashin da ba ya tsayawa don an kwantar da mutum ɗaya a asibiti, sannan ƙofa ce ga mai son ya ci gaba zuwa karatun nas. Idan kika nuna masa hanyar da gidan zai horar da ke ba tare da kun biya ba, ina kyautata zaton haƙurin da ya ce ki yi zai sauya salo.

Akwai kuma abin da ku biyu ya kamata ku tattauna tun yanzu, ba sai kin sa rigar aiki ba. A aikin gida kina iya gaya wa ejansi mata kawai kike so, sau da yawa kuma a yi miki. A gidan kula da tsofaffi, ɗakunan da aka ba ki su ne naki, da maza a ciki, kuma wanka da tsarki suna cikin aikin. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan addininsa matuƙar ba zai jawo wa wurin matsala mai nauyi ba, shi ya sa ɗankwali ko ƙaramin hijabi da 'yan mintunan salla ba su cika zama rigima ba. Amma a ce ba za ki taɓa namiji ko ɗaya ba a dutin dare da ku biyu ne kacal a hawa guda, wannan da wuya a iya yi miki alkawarinsa. Wasu 'yan'uwa suna musanya ɗakuna da abokan aiki, wasu suna neman ɓangaren da mata suka fi yawa, wasu sun tambayi malamai sun samu natsuwa a kan larurar jinya. Ki yi wannan tambayar a ranar ganawar ɗaukar aiki, ki ji amsar da kunnenki.

Ki rubuto mini idan ejansin ta saka ki a layi, ina so in ji cewa agogon wata 24 ɗin nan ya koma farko. Ki gaida maigida da yara.

Antinki